Wariyar Addini a Jami'a Ta Fi Ɓuya a Cikin Jadawali

Da an ambaci wariyar addini a jami'a, hankali kan tafi ga malamin da ke jifan ɗalibai da habaici a aji. Akwai irinsa, amma kama shi ba wuya. Wadda ta fi cin ɗalibai ita ce mai fakewa da ƙa'idar da aka ce ta hau kan kowa. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta kira wannan wariya a kaikaice: ƙa'ida ɗaya ce, amma nauyinta ya fi danne mabiya wani addini. Ba ta halatta sai jami'a ta nuna tana da manufa mai kyau kuma ba ta wuce gona da iri ba. Dokar ta kare har wanda ba ya bin kowane addini.

Sai a fara da jadawali. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, don haka azumi da salloli biyu na zuwa da wuri da kwana 10 zuwa 12 kowace shekara a kalandar Turawa, kuma ranar Sallah ta dogara da ganin wata. Mai tsara jarrabawa ya keɓe kwana biyu ke nan, ba ɗaya ba. Ista a cocin Yamma na faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Yahudawa da Kiristoci 'yan cocin Adventist kuwa suna hutun ibada daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa faɗuwarta ta Asabar. Duk wannan sananne ne tun kafin zango ya kama. Abin da ke ɓata lamarin shi ne a bar ɗalibi ya riƙa bin malamai ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, wannan ya yarda, wancan ya ƙi. Sashe ya fitar da fom guda a makon farko, da ranar rufewa da ranar jarrabawar madadi, magana ta ƙare.

Sai abin da ake koyarwa, kuma a nan ban ga dalilin sassauci ba. Ɗalibin nazarin halittu dole ya san ka'idar Darwin ta juyin halitta, ko ya yarda da ita ko bai yarda ba. Gyaran yana cikin tambayar: "Bayyana hujjojin da masu wannan ka'ida suka kafa" tana auna fahimta, amma "Ka yarda da ita?" tana binciken zuciya, kuma ba hurumin malami ba ne. Haka nan juyawa ga mai lulluɓi ko mai sarƙar gicciye a ce, "Ke me addininku ya ce?" Karatu ta zo yi, ba wanda ya naɗa ta wakiliya.

Tufafi a ɗakin gwaji batu ne na haɗari, sai a faɗi haɗarin: mayafi mai lilo kusa da wuta ko injin da ke juyawa. Maganinsa a cusa shi cikin rigar aiki. Mai niƙabi kuma, ma'aikaciya mace ta duba fuskarta a keɓe kafin jarrabawa.

Wajen ba da maki, suna kan tona addini, saboda haka lamba ce ta dace a kan takarda. Jarrabawar baka ba ta ɓoyuwa, sai a zaunar da malami na biyu a rubuta dalilin kowane maki. Ƙorafi kuwa kada ya bi ta hannun wanda ake ƙara, kuma a sauya mai duba takardun ɗalibin har a gama bincike, don tsoron ramuwa kan hana ɗalibai buɗe baki.