Da kuɗina aka wulaƙanta ni a gaban mahaifiyata a wani otal na Abuja

Mako biyu ke nan da dawowarmu Zariya daga Abuja, amma har yanzu idan na tuna fuskar yaron nan da ke zaune bayan kantar karɓar baƙi ta otal ɗin sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Ba naira 40,000 da suka maƙale ne suke cina ba, ko da yake ga malamin makaranta irina ba ƙaramin kuɗi ba ne. Abin da ya hana ni sukuni shi ne a gaban mahaifiyata da maiɗakina da 'ya'yana uku aka tsayar da ni kamar wanda ya zo bara, alhali da kuɗina na je, kuma tun kwana goma kafin tafiyar na tura kafin alƙalami.

Likitan ido ne ya ba Inna rana a wani asibiti da ke Garki, da ƙarfe takwas na safe. Da yake abin ya faɗo cikin hutun makaranta, sai na ga ai gara in cika wa yara alkawarin da na daɗe ina ɗagawa, su hau jirgin ƙasa, su yi salla a Babban Masallacin Ƙasa, su ga tafkin Jabi. Duk wanda ya taɓa neman masaukin iyali a Abuja ya san lissafin da na zauna na yi. Maitama da Asokoro ba namu ba ne, ko tambayar farashi a can ɓata katin waya ne. Nyanya da Mararaba da sauƙi, amma wanda ya kwana can ya san cewa gosulon safiya na hanyar Keffi zai iya cinye masa sa'a biyu kafin ya ga shataletalen A.Y.A., kuma ba zan jefa tsohuwa mai ciwon ido cikin wannan azaba ba. Tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin, tasi kuwa kowa yana shigarta da addu'a a bakinsa saboda 'yan fashin da ake kira "wan cans". Saboda haka kusanci da asibiti ba son jin daɗi ba ne a wurina, larura ce. Na kwana uku ina dannar waya, ina duba hotunan ɗakuna masu farin zanen gado da labule kamar na gidan amarya, har na dace da wani otal a ɗaya daga cikin shiyyoyin Wuse. Na buga, wata murya mai ladabi ta ce ɗaki naira 30,000 ne a kwana, na faɗa mata mu shida ne har da yara, ɗaki biyu nake so na kwana biyu, ta ce babu damuwa, in tura 40,000 a riƙe mini. Na tura, na ajiye shaidar a wayata.

Mun taso daga tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a Kaduna da yamma, mun sauka tashar Idu a Abuja bayan magariba, direban tasi ya yanke mana kuɗin da ya ga dama, muka iso otal ɗin wajen ƙarfe tara. Inna tana dafe da kafaɗar babbar 'yata, ƙaramin kuma mai shekara uku ya yi barci a bayan uwarsa.

Na yi sallama. Yaron da ke kan kanta, wanda a haife na haife shi, bai ɗago ba, domin yana can yana kallon wani abu a wayarsa yana murmushi. Na sake yin sallama, sai ya ɗaga mini yatsa ɗaya, wato in dakata, har sai da abin da yake kallo ya ƙare. Sannan ya ce, "Yes?" Na yi masa bayani da Turanci, ya dubi hulata, ya juya harshe zuwa Hausa tsantsa irin ta gida, har na ji sanyi a raina na ce ashe ma ɗan'uwa ne. Ban san cewa ya koma Hausa ne domin Inna ma ta ji wulaƙancin da kunnenta ba.

Ya buɗe wani littafi mai datti, ya ja yatsa a kai, ya ce, "Alhaji, babu sunanka a nan."

Na nuna masa shaidar tura kuɗin. Ya karɓi wayar da yatsu biyu kamar wanda aka miƙa wa tsumma, ya duba, ya turo mini ita a kan kanta maimakon ya ba ni a hannu. Ya ce, "To ai ni ban ga alat ba. Da wa kuka yi magana?" Na ce wata baiwar Allah ce, a lambar da ke jikin allonku na waje. Ya ce, "Wannan ta bar aiki." Na ce, samari, ita ta bar aiki, amma asusun da na tura kuɗin ai sunan otal ɗin nan ne a kansa, ko shi ma ya bar aiki? Bai yi dariya ba, ni ma ba don dariya na faɗa ba.

Daga nan ya yi mini alfarma, ya ce akwai ɗakuna, sai dai yanzu 45,000 ne kowanne, ban da haraji da kuɗin hidima. Na tambaye shi yaushe 30,000 ta zama 45,000, ya ce ai ƙarshen mako ne, kuma akwai biki a gari. Ranar Laraba ce fa. Na faɗa masa haka, ya ɗaga kafaɗa ya ce farashi ke nan. Sai ya ɗauki biro ya fara ƙirga mu da shi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga awaki a kara, ya ce dokar gidan mutum biyu ne a ɗaki, don haka uku za mu kama. Na ce masa biyu daga cikin yaran za su kwana da kakarsu, ƙaramin kuma yana tare da mu, dubi ma goye yake. Ya nuna bayan maiɗakina da bakin biron, ya ce, "Wannan ba mutum ba ne?"

Lallai mutum ne. A ƙasar da ba a tuna da yaro wajen gina aji ko ajiye magani a asibiti, na gode wa Allah da aka samu wuri ɗaya da aka amince cewa ɗana cikakken mutum ne, har ya cancanci a caje shi kuɗin gado alhali yana barci a bayan uwarsa. Ɗaki uku a kan 45,000 ya kama naira 135,000 a dare ɗaya, kafin a ɗora abin da za a ɗora. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, ke nan kusan gumin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci ake nema a wurina domin mu runtsa ido zuwa asuba.

Na haɗiye abin da ya taso mini, na ce a kira mini manaja. Ya ce manaja ba ya nan. Na ce a ba ni lambarsa. Ya ce ba a bayarwa. Na ce to a mayar mini da kuɗina in nemi wani wuri. Ya ce ba shi ke mayar da kuɗi ba, sai akanta ya zo ranar Litinin, kuma ma a ƙa'ida kafin alƙalami ba ya dawowa. Wato kuɗin da ɗazu bai ga alat ɗinsu ba, yanzu ya san ƙa'idar da ta hana su dawowa. Sannan ya jingina da kujera, ya dube ni sheƙeƙe tun daga hula har takalmi, ya faɗi maganar da har gobe ba zan manta ba: "Alhaji, gaskiya in ƙarfinku bai kai ba, ku gangara Mararaba, can ne ake samun irin naku."

Irin namu. Inna, wadda ni ne ɗanta na fari kuma ba ta taɓa kiran sunana ba, ta matso ta kama hannun rigata ta ce a hankali, "Malam, mu tafi, Allah na nan." Da ashar ya yi mini, da ya fi mini sauƙi a kan in ji tsohuwar nan tana lallashina a bainar jama'a kamar ni na yi laifi. Muka kwashi kayanmu, maigadi ya buɗe mana ƙofa yana sunkuyar da kai, shi kaɗai ne a gidan ya ce mana mu yi haƙuri.

A Mararaba kuwa muka ƙare, wajen sha ɗaya na dare, a wani ɗaki da fankarsa ke kuka kamar injin niƙa, bokiti a banɗaki saboda famfo ado ne, janareta kuma aka kashe shi ƙarfe goma sha biyu muka kwana muna fifita da kwali. Tun kafin kiran assalatu muka fito, duk da haka Inna ta yi fiye da sa'a ɗaya da rabi a cikin hayaƙin motoci tana share hawayen idon da aka kawo ta a duba.

Da wannan ne karo na farko, da na ce tsautsayi ne. Amma shekara nawa muna shan wannan? Na taɓa kama ɗaki a Kaduna da hotonsa ya nuna taga tana kallon lambu, na tarar tana kallon bangon banɗakin maƙwabta. Na taɓa biyan kuɗin ɗaki mai na'urar sanyi a Legas, aka ce mini na'urar tana nan lafiya lau, wutar da za ta ɗauke ta ce babu. Na taɓa kai iyalina wani wuri da aka rantse mini na mutunci ne, ashe da dare mashaya yake komawa, muka kwana ina toshe wa yara kunne. An rubuta karin kumallo kyauta, sai ka samu ruwan zafi da ganyen shayi ɗaya da yankan burodi biyu da ana iya karanta jarida ta cikinsu. Kowane otal ya zana wa kansa taurari uku ko huɗu a allo, kuma fenti ne kawai ya ba shi su. A ƙasar nan ana gina otal ne domin ɗan kwangila da ɗan siyasa da mahalarcin taron bita wanda ofis zai biya masa, ko kuma domin mai neman ɗakin sa'a biyu. Magidancin da ya zo da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa ba ya cikin lissafin kowa.

Na san abin da masu otal za su ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi. A Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar rukunin A naira 225 kan kowane kilowat, fiye da ninki uku, bisa alkawarin wutar sa'a 20 a rana, kuma kowa ya san yadda janareta ke ci gaba da ruri a unguwanni. Harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 tun 2020, ga masu rasit iri-iri da ke zagayawa kowane wata. To amma dukkan wannan kaya a kan wa ake sauke shi? A kaina. Gwamnati ta matsi mai otal, mai otal ya matsi yaron kanta da albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata, yaron kanta kuma ya huce a kan tsohuwa mai ciwon ido. Masu karɓar haraji ba su taɓa ɓata hanyar otal ɗin nan ba, amma babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaya ko farashin da aka faɗa a waya shi ne na kan kanta, ko akwai ruwa a famfo, ko kuɗin da aka karɓa a hannun baƙo ana mayar masa. An ce akwai hukumomin kare haƙƙin masu saye, to wane magidanci ne zai bar aikinsa a Zariya ya riƙa zarya zuwa Abuja yana kashe 60,000 domin ya ƙwato 40,000? Masu cin kuɗin sun riga mu yin wannan lissafin.

Kuma wa ya tilasta mana zuwa Abujar tun farko? Tun da aka mayar da fadar gwamnati can a Disambar 1991 ake tattara komai wuri ɗaya, ƙwararren likita da babbar takarda da sa hannun da ba ya samuwa a jiha, sannan aka tsara birnin ta yadda talakan da aka tilasta wa zuwa ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa. Tituna masu faɗi, fitilu reras, amma masu share su da masu gadinsu da masu dafa wa manyansu abinci duk an tura su Nyanya da Mararaba da Kubwa da Suleja, su shigo da asuba su fice da dare. Shi kansa yaron da ya ce in gangara wurin irin namu, na tabbata idan ya tashi aiki motar Mararabar zai bi.

Mu ma al'umma ba mu fita ba. Kakanninmu fatake sun yi ta ratsa ƙasashe har Gwanja, duk zangon da suka sauka akwai maigidan da zai ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya tsaya musu a ciniki, domin ya san sunansa ne jarinsa. Mu da muka tashi muna jin ana cewa baƙonka annabinka, yau duk wanda aka ba kanta da biro da kujera mai juyawa sai ya zama hakimi, ya auna mutum da takalminsa kafin ya amsa masa sallama. Da na sauko daga baƙar jif da ɗan sanda a gaba, da yaron nan da kansa zai ɗauki jakar Inna, da sunana ya bayyana a littafin nan take, da goyon ma bai zama mutum ba. Akwai mutum huɗu zaune a falon suna kallon ƙwallo lokacin da ake yi mana wannan, dukansu sun ji, babu wanda ya ce uffan, ɗaya ma ƙara sautin talabijin ya yi.

Na buga lambar otal ɗin sau tara tun dawowarmu. Sau biyu aka ce akanta ya fita salla, sau ɗaya aka ce ya tafi ta'aziyya, sau ɗaya aka ce in turo shaidar biya, na turo, aka karanta aka yi shiru. Jiya da na sake bugawa, muryar nan mai ladabi ce ta ɗauka, wadda aka ce mini ta bar aiki, kuma kafin in gama gabatar da kaina ta sanar da ni cewa suna da ɗakuna masu kyau na iyali a kan naira 30,000, in tura wani abu a riƙe mini.