Motar Alhaji Mai Albasa Ta Je Gareji

(Wani gareji ne a unguwar Domayo, cikin garin Marwa a arewacin Kamaru. Wata farar Corolla ta shigo, bayanta na sharar ƙasa. Ɗan Gayu ke tuƙi, Alhaji na gefensa, Hajiya na baya tsakanin buhun albasa biyu, don but ya riga ya cika.)

BAKANIKE: Maraba da Alhaji. Wannan motar tafiya take yi ko ruku'u?

ALHAJI: Ita muka kawo maka, Malam. So nake in ta sha kwana kada ta karkata, in ta faɗa rami kada in sani.

BAKANIKE: Ai mota biyu ka ambata, ranka ya daɗe. Da wacce za mu fara?

ƊAN GAYU: Baba, bar ni da shi, na kalla a waya. A yanke sifirin ta yi ƙasa, a sa rim 17, a sa shokozoba mai tauri. Shi ke nan, ta zama ta tsere.

BAKANIKE: Samari, ka taɓa bin hanyar Mora zuwa Dabanga?

ƊAN GAYU: Na ga hotonta.

BAKANIKE: Hoto ba ya fasa kwanon baƙin mai. Tsakanin cikin motar nan da ƙasa wajen santimita 15 ne, ran da ta fito daga kamfani. Kai ka yanke 4, albasar Baba ta danne 5. Nawa ya rage?

ƊAN GAYU: Shida.

BAKANIKE: To ka nemo mini hanyar da dutsenta bai kai shida ba, in yanke maka kyauta. Sifirin da aka yanke tauri yake ƙarawa, wurin motsinsa kuma ya ragu. Rami ɗaya, ƙarfe ya daki ƙarfe, haƙorin Hajiya ya daki haƙori.

HAJIYA: Allah ya yi maka albarka, Malam, faɗa masa. Tun bikin da muka je Garwa nake sallah a zaune. Kilomita 200 da 'yan kai kaina na gaisawa da rufin mota.

ALHAJI: Ke ma dai Hajiya, ai tafiya ce.

BAKANIKE: Yaro, danna bayan nan da ƙarfi ka saki.

(Yaron gareji ya hau kan but ya danna, ya yi tsalle gefe. Mota ta tashi, ta koma, ta tashi, ta koma. Hajiya ta fara salati.)

YARO: Maigida, huɗu ta yi. Ga ta biyar nan tafe.

ALHAJI: Ka ga laushi ko? Shi ya sa nake son ta.

BAKANIKE: Wannan mutuwa ce, Alhaji, ba laushi ba. Mai lafiya sau ɗaya take tasowa ta tsaya cak. Leƙa nan ka ga jikin shokozoban, ya jiƙe da mai, ƙura ta manne.

ALHAJI: To a ƙara masa mai mana. Akwai zuwa-zuwa a galan.

BAKANIKE: Ba fetur yake sha ba. Bari ka ji yadda aka raba aikin. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi. Shokozoba ba ya ɗaukar ko tiya ɗaya, mai ne a cikinsa da ake tura shi ta 'yan ƙananan ƙofofi, shi ke hana sifirin ya yi ta rawa bayan an wuce rami. In ya mutu, taya tsalle take yi, rabin lokaci ba ta ƙasa. Tayar da ke sama kuwa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

ƊAN GAYU: Shi ya sa na ce a sa mai tauri.

BAKANIKE: Mai tauri fiye da kima ma tsallen zai sa ta a hanyar da ta yi kunya-kunya. Na gas za mu sa, KYB ko Monroe, daidai lambar motar. Iskar nitirojin da ke ciki ita ke hana man yin kumfa in ya yi zafi, don haka ko kun kai Waza yana nan da ƙarfinsa.

ALHAJI: An ce akwai 'yan Beljiyom a kasuwa, rabin kuɗi.

BAKANIKE: Akwai. Wanda ya gama yi wa Bature aiki, aka wanke shi da omo aka fesa fenti. Wani ya yi shekara, wani ya yi Juma'a biyu.

ALHAJI: Allah ya jiƙan Fijo 504 tawa. Ita ba ta san wannan iyayin ba.

BAKANIKE: Yanzu ka yi magana. Ita sifirinta dogo ne mai laushi, taya na da wurin hawa da sauka, cikinta na nesa da ƙasa. Da haka ta ci gasar Safari a Kenya a 1975, da haka 'yan Kaduna suka yi ta haɗa ta shekara da shekaru. Samari, ka ji? Ta ci tsere ba wanda ya yanke mata ƙafa.

ƊAN GAYU: Amma ai tana karkata a kwana. Ni na ga tsohon bidiyo.

BAKANIKE: Yauwa, karkata. Yaro, shiga ƙasa ka girgiza sandar nan da ta haɗa tayoyin gaba.

YARO: Maigida, tana amsawa ƙwal-ƙwal. Robar ta cinye. Ɗaya ma igiyar roba aka naɗa.

ALHAJI: Wani yaro ne a Figil ya yi mini wannan dabarar. Bai karɓi ko dala ba.

BAKANIKE: Ya san darajar aikinsa. Wannan sandar ita ke hana mota kwanciya a kwana. In tayoyin biyu suka hau tudu tare, ba ruwanta, ba ta ƙara tauri. Sai jiki ya fara karkata take riƙewa. Robobinta 'yan kuɗi kaɗan ne, amma rabin kukan da kake yi daga nan yake.

ƊAN GAYU: To a sa sanda mai kauri biyu, da jajayen bushin nan masu ƙarfi.

BAKANIKE: Sai taya ɗaya ta faɗa rami, motar duka ta girgiza, Hajiya ta koma kan buhu. Jajayen kuma duk tsakuwar da aka taka sai sun kai rahoto ga ƙugu. Baƙar roba ta asali ta ishe ku.

HAJIYA: Wannan yaron, ni na haife ka ko kishiyata?

(Bakanike ya duƙa ya sa ma'aunin iska a tayar baya. Ya duba, ya buga ma'aunin a tafin hannu, ya sake dubawa.)

BAKANIKE: Alhaji, wa ya sa maka iska 3.5?

ALHAJI: Mai faci. Kuɗin ɗaya ne, dala ashirin, ko ya sa kaɗan ko ya sa da yawa. Shi ya sa nake cewa ya cika.

BAKANIKE: Ga takarda nan manne a bakin ƙofar direba, 2.2 ta ce, in da kaya a ɗan ƙara. Taya ita ce sifirin farko. Kai kuma mai rim 17, karanta abin da ke jikin wannan.

ƊAN GAYU: 195/65 R15.

BAKANIKE: Ma'ana tsawon gefen robar kashi 65 cikin 100 ne na faɗinta, kusan milimita 127. Wadda kake so, 215/45, ba ta kai 100 ba. Abin da ka rage, rim ne zai biya a ramin farko, sauran Hajiya ta biya.

ƊAN GAYU: Amma tana da kyau a hoto.

BAKANIKE: Sai ka ɗauke ta hoto a shagon mai taya, ba a biyan kuɗin kallo.

ALHAJI: Bar shi. Ni dai a ƙara mini sifirin a baya, irin na Hilux, faranti-faranti.

BAKANIKE: Ita Hilux don kaya aka yi ta, in ba kaya ma harbi take yi. Wannan kuwa abin da aka rubuta mata bai kai kilo 500 ba, har da mutanen ciki. Buhu nawa ka ɗora?

ALHAJI: Biyar kacal.

YARO: Shida, Maigida. Akwai ɗaya ƙarƙashin ƙafar Hajiya.

ALHAJI: Wannan na sadaka ne, ba ya cikin lissafi.

BAKANIKE: Sifirin bai san sadaka ba. Ga abin da za a yi: shokozoba huɗu, sifirin baya sababbi masu tsawon asali, robobi, a rage iska, sannan a daidaita tayoyin gaba kada su ci gefe.

ALHAJI: Huɗu? Sa ɗaya, a gefen da nake zama.

BAKANIKE: Biyu-biyu ake canzawa, hagu da dama. In ba haka ba, birki ɗaya za ka taka motar ta nufi rafi.

ALHAJI: To na gaba.

HAJIYA: Ni a ina nake zama, Alhaji?

ALHAJI: To na baya. Ni ma na koma baya, albasa ta dawo gaba. Malam, kuɗi kam sai bayan kasuwa, amma ga kafin alƙalami. Yaro, sauke masa buhu uku.

(Yaro ya sauke ɗaya, ya sauke biyu, ya sauke uku. Bayan mota ya ɗago a hankali. Alhaji ya zagaya, ya duƙa, ya leƙa ƙasanta.)

ALHAJI: Ikon Allah! Malam, hannunka da albarka, ko sifana ba ka ɗauka ba ta miƙe. Tunda ta gyaru, yaro, mayar da buhunan mu tafi.