Ƙannena masu haɗa wayoyin jirgin sama, ku ba ni aron hankalinku

Assalamu alaikum. Da ku nake, ƙannena da kuka fito daga kwalejin koyon aikin jirgin sama ta Zariya, da waɗanda ke koyo a hannun manya a rumfar gyara. Magana ce kan ɗora otofailot, na'urar nan da ke karɓar tuƙi daga hannun matuƙi.

Wata shekara an kawo mana ƙaramin jirgi mai kujera huɗu. Matuƙinsa ya ce duk lokacin da ya danna maɓallin magana da hasumiyar filin jirgi, sai jirgin ya sunkuyar da hanci. Kwana uku muna zargin kwamfutar otofailot ɗin, ashe baiwar Allah ba ruwanta. Wanda ya yi aikin ne ya kama wayar sarbo, wato ɗan injin da ke motsa wutsiya, ya ɗaure ta tamau da igiyar eriyar rediyo, tun daga ƙarƙashin allon matuƙi har can baya. A ido ɗaurin ya yi kyau, ba ƙarya. Amma rediyon yana watsa magana ne tsakanin megahaz 118 zuwa 137, da ya buɗe baki sai ƙarfinsa ya tsallaka cikin wayar da ke maƙale da shi, na'urar ta ɗauka umarni aka ba ta. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Da a ce abin ya faru ne jirgin na dab da ƙasa fa?

Don Allah ku raba wayar saƙo da wayar ƙarfi. Igiyar eriya, wayar altaneta mai samar da wutar lantarki, ta fitilar walƙiya, ta tiransifonda, wato na'urar da ke amsa wa radar, mai harbawa a megahaz 1090, kowacce ta bi hanyarta. Inda dole sai sun haɗu, su gitta juna, kada su jera. Wayar da littafin kamfani ya ce mai rigar saƙar ƙarfe ce, ita za ku sa, ku kuma haɗa rigar da jikin jirgi daidai inda littafin ya nuna, da gajeriyar jelar waya. A kankare fenti tukuna, ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Na'urar auna maganaɗisun ƙasa, wadda ke nuna wa jirgi alƙibla, ita ce mafi saurin fushi. Shi ya sa ake kai ta fiffike ko wutsiya, nesa da batir da duk wani inji. Na taɓa ganin sukuru ɗaya na baƙin ƙarfe ya karkatar da alƙiblar jirgi. Ku sa na tagulla, kuma sukudireba mai maganaɗisu kada ta kusanci wurin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaggawar sa hannu. Kafin biro ya taɓa takarda, a tayar da inji, a kunna otofailot a ƙasa, mutum ɗaya ya zuba wa sitiyari ido. Ɗayan ya danna rediyo a ƙasan zangon megahaz ɗinsa, a tsakiya, da can sama, sannan ya bi fitilun sauka, na walƙiya, hitar bututun auna gudu, da injin filas na bayan fiffike, ɗaya bayan ɗaya, daga baya duka a tare. In sitiyarin ya motsa ko da kaɗan ne, ko alƙibla ta yi rawa a allo, ku ajiye biron, ku ɗauko fitila ku koma ƙarƙashin allo.