Jinjirin wata da koren fenti a masallacin layinmu

Makon jiya bayan sallar isha'i muka zauna a masallacin layinmu, nan Anguwar Rogo a Jos, muna lissafin kuɗin gyara. An gama rufi, an ɗora 'yar hasumiya, saura fenti da abin da za a kafa a samanta. A nan aka samu saɓani. Wani dattijo ya ce masallacin da babu kore babu jinjirin wata bai cika masallaci ba. Wani matashi ya ce, "Baba, a gafarce ni, wannan watan ba shi da asali a addini, gara a bar shi." Dattijon ya ce, "Ɗana, tun ba a haifi mahaifinka ba muke ganinsa a kan masallatai." Aka watse rai a ɓace.

Abin ya tsaya mini a zuciya, domin dukansu biyu ƙaunar masallacin ce ta sa su magana, kuma kowa na da rabin gaskiya a hannunsa.

Mu fara da kore. Ba a banza Musulmi suke son shi ba. A Suratul Kahfi da Suratul Insan an siffanta tufafin 'yan Aljanna da koren alharini, a Suratur Rahman an ambaci korayen shimfiɗu da suke kishingiɗa a kai. Wanda ya tashi cikin rairayin Hijaz, idan ya hango kore ya hango ruwa da inuwa da dabino. Mu ma nan mun san yadda rai ke sanyi idan duwatsun Jos suka yi shar bayan ruwan farko. Amma son abu daban, wajabcinsa daban. Koriyar ƙubbar Madina da muke rataye hotonta a ɗakunanmu, an fara gina ƙubba a wurin ne a 1279, zamanin Sarki Ƙalawun na Masar, kuma ba a shafa mata kore ba sai 1837, zamanin Sultan Mahmud na Biyu na Daular Usmaniyya. Shekara fiye da dubu ɗaya da ɗari biyu ke nan bayan wafatin Manzon Allah (SAW). Rigar Ka'aba baƙa ce. Ƙubbar Babban Masallacin Ƙasa da ke Abuja ruwan zinare ce, ban taɓa jin wanda ya ce sallarsa ta ragu a ƙarƙashinta ba.

Idan ma launi za a bi, fari ya fi kowanne hujja a sarari. Hadisi ya zo da umarnin mu sa fararen tufafi mu kuma yi wa mamatanmu likkafani da su. Da shi alhaji ke harami. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa babbar tutar Annabi baƙa ce, ƙaramar kuma fara. Daga baya Banu Umayya suka riƙi fari, Abbasiyawa da suka karɓi mulki a shekarar 750 suka riƙi baƙi. Kowace daula da launinta, alƙibla dai ɗaya.

Shi kuwa jinjirin wata, matashin nan bai yi ƙarya ba. Masallacin Annabi na farko tubalin ƙasa ne da kututturen dabino da ganyensa, babu hasumiya balle abin da za a kafa a kanta. Sayyidina Bilal kan hau rufin wani gida mai tsawo ya yi kiran salla. Wata da tauraro suna kan tsabar kuɗin Rumawa da Farisawa tun kafin zuwan Musulunci. Turkawa ne suka ɗaukaka alamar, ta zauna a tutarsu a hukumance a 1844, daga wurinsu ta bazu har muka gan ta a tutocin Tunisiya da Aljeriya da Pakistan.

To amma inda na rabu da matashin, shi ne gaggawar jefar da abin. Alƙur'ani ya ce jinjirayen wata ma'aunin lokaci ne ga mutane da aikin hajji, a aya ta 189 cikin Baƙara. Da shi muke ɗaukar azumi, da shi muke ajiyewa. Duk daren ashirin da tara ga Sha'aban kunnuwanmu na kan rediyo muna jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Babu mai yi wa wannan ƙarfen sujada, alama ce kawai. Kuma a gari irin Jos alama tana da aiki. Tun rikicin 2001 da waɗanda suka biyo bayansa unguwanni suka rarrabu, kowa ya san haka. Direban da ya taso daga Bauchi da daddare cikin sanyin hunturu, bai san kowa ba, yana ɗaga kai ya hango watan nan a saman gini ya san ga inda zai samu buta da tabarma. Wannan amfani ne na gaske, ni ba zan raina shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai ma wani ne. A daren da muke wannan jayayya, a bakin kwatar da ke gaban masallacin na tsinci yagaggiyar kalanda ɗauke da Kalmar Shahada, ta jiƙe da ruwan wanke-wanke. Saudiyya ba ta sauke tutarta zuwa rabin sanda ko da sarki ne ya rasu, saboda wannan kalmar da ke jikinta. Mu kuma muna buga ta a katin ɗaurin aure da sitika da kalanda, bayan wata uku mai ƙosai ta naɗe a ciki. Fenti ba shi da alfarma a kan kansa, amma wannan rubutun yana da ita, kuma babu wanda ya ɗaga murya saboda shi a zamanmu.

Ranar Juma'a za mu sake zama. Zan goyi bayan a ba mai walda aikin watan, saboda baƙo. Fenti kuwa a sayi wanda zai jure daminar Jos, kore ne ko fari. Sannan zan roƙi Baba da ɗan'uwanmu matashi su amince a cire kuɗin ƙaramin akwati mai murfi, a ajiye shi kusa da wurin alwala, duk wanda ya tsinci takarda mai sunan Allah ya saka a ciki.