Hifnosis ba asirin mallaka ba ne

A littattafan manya da ake turawa ta WhatsApp, akwai salon da ke yawan fitowa: namiji ya kafe mace da ido, ya yi mata 'yan maganganu, shi ke nan ta zama raƙumi da akala. Masu karatu da dama sun ɗauka wannan shi ne hifnosis (wato sa mutum cikin wani yanayi mai kama da barci ta hanyar magana), kuma wai asirin Turawa ne, irin mallakar da ake nema wurin boka.

Ba haka ba ne. James Braid, likitan tiyata a Manchester ta Ingila, wanda ya yi littafi a kan hifnosis a 1843, ya danganta abin da tattara hankali wuri guda. Wanda ake yi wa yana ji, yana sane, yana iya ƙin umarni, kuma sai da haɗin kansa abin ke kamawa. Likitoci kan yi amfani da shi wajen rage raɗaɗin ciwo da fargaba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda marubutan ke rufe labarin da biki. Macen da aka kwanta da ita bayan an gusar mata da hankali ba ta amince ba. Fyaɗe aka yi mata, ko da an ɗaura musu aure a babin ƙarshe.