Haushin likita na ji, ashe matsalar tana wajen biyan kuɗi

Makon jiya na raka yayata asibitin gwamnati da katinta na inshora. Hawan jini ke damunta. Likita bai yi minti biyar da ita ba, ya rubuta magani, muka je ɗakin magani aka ce babu, sai dai mu saya a kemis. Wallahi na fito raina a ɓace, ina ta faɗa da ma'aikata a zuciyata. Sai da na huce na tuna yadda ake biyan asibitin.

Tun da inshorar lafiya ta ƙasa ta fara aiki a Najeriya a 2005, a matakin kula da lafiya na farko ana ba asibiti kuɗi ƙayyadadde duk wata a kan kowane mutum da ya yi rajista, ko ya zo ko bai zo ba. An yi shekaru kuɗin nan yana naira 750, magani da man janareta kuwa kullum sai hawa suke. Duk gwajin jinin da za a yi wa yayata, duk ƙwayar da za a ba ta, daga ɗan wannan kuɗi za a ciro. Mai hawan jini ko ciwon suga, wanda ba ya rabuwa da asibiti, shi ne ya zama kaya a wuyansu. Don haka ake rage gwaji, ake rage lokacin ganin likita, ake cewa "babu".

Ba mu kaɗai ba ne. Ghana ta gwada irin wannan biya a yankin Ashanti a 2012, asibitoci suka yi ta kuka, aka dakatar a 2017. A Nijar an mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006, amma jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu ya bar kantoci ba magani.

Na san in aka koma biyan kowane aiki daban, wasu za su dinga ɗaura ruwa da rubuta gwajin da ba a buƙata. Wannan ma cuta ce, amma ba ita ke cin mu yanzu ba.

Dokar 2022 ta wajabta inshora a kan kowa. To, a riƙa sabunta kuɗin daidai da tsadar kasuwa, a biya a kan kari, a ware ƙari saboda masu ciwon da ba ya warkewa. Yayata ana yankar albashinta duk wata, kuma jiya ma da kuɗin aljihunta ta sayo maganin.