Ƙaramar jif mai dizal: hanyarka za ka tambaya, ba dillali ba

Jama'a, duk lokacin da aka zo maganar sayen ƙaramar jif, irin su Tucson, Sportage, Tiguan, Qashqai, CX-5 ko Duster, sai ka ji hira ta koma kan girman allon gaban direba, da kyamarar baya, da ko kujerun fata ne ko na yadi. In aka ce mai dizal ce kuwa, wani ya ce ai ba ta shan mai, wani ya ce ai injinta ba ya mutuwa, shi ke nan an gama shawara. Ni dai ban yarda a tsaya nan ba. Jif mai dizal ta wannan zamani ba ta kowa ba ce, kuma abin da zai nuna ko ta dace da kai ba a rubuce yake a takardar bayanin mota ba. Irin tafiyar da kake yi kullum ita ce alƙali.

Amma a ba dizal haƙƙinsa tukuna. Injin dizal ba ya jiran tartsatsin fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafi ƙwarai, sannan a fesa mai ya kama da kansa. Dabarar Rudolf Diesel ce, wanda injinsa ya yi aiki yadda ake so a 1897. A ƙananan motocin yau ana matse iskar kusan ninki 15 zuwa 17, alhali a na fetur galibi 10 ne zuwa 12. Ga shi kuma lita ɗaya ta dizal ta fi ta fetur ƙarfi da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Shi ya sa a doguwar hanya jif mai dizal kan ci kilomita 100 da lita 5 ko 6, inda takwararta mai fetur za ta nemi 7 ko 8. Da tanki mai cin lita 55 zuwa 60, mutum zai iya kusantar kilomita 1,000 bai tsaya gidan mai ba. Wannan ba ƙarya ba ce ta masu talla, haka abin yake.

Abu na biyu shi ne wanda na fi son mutane su gane. Kowa ƙarfin doki yake tambaya, alhali lambar da direba ke ji a jikinsa ita ce ta ƙarfin murɗawa, wadda ake rubutawa da Nm. Ɗauki Qashqai mai inji 1.5 dCi. Dokinta 110 ne kacal, wanda zai sa mai kallon takarda ya raina ta. Amma tana ba da Nm 260 tun injin yana juyi wajen 1,750 a minti, wato tun kana taɓa totur kaɗan. Injin fetur mai lita 2.0 wanda ba shi da turbo kuwa, wajen Nm 200 yake bayarwa, kuma sai ka kai shi juyi 4,000 yana kuka kafin ya sake shi. In aka hau sama, Tucson da Sportage masu 2.0 CRDi na doki 185 suna da Nm 400, CX-5 mai lita 2.2 ta doki 175 kuma tana da 420. Amfanin wannan yana fitowa ne lokacin da mota ta cika da mutum biyar da kaya, ga hawa a gaba, ko kana son wuce babbar mota a hanya mai hannu ɗaya ba tare da ka sauke giya biyu ba, ko kana jan tirela a baya. Nan dizal ba shi da na biyu. Sai dai numfashinsa gajere ne: yana kai juyi 4,500 ya gama abin da zai yi. Kuma gaskiya injunan fetur masu turbo sun rage tazarar nan sosai, ko da yake in aka matsa musu sai su rama a shan mai.

To ina matsalar take? Tana ƙarƙashin mota, inda mai saye ba ya leƙawa.

Sunan da dizal ya yi na juriya, tsofaffin injuna ne suka yi masa shi, masu famfon mai na ƙarfe zalla, ba kwamfuta, ba na'urar tace hayaƙi. Waɗannan sun tafi. Tun 1997 da Alfa Romeo 156 ta fito da tsarin da ke tara mai a bututu ɗaya a ƙarƙashin matsi mai tsanani kafin a raba wa nozul masu fesa shi cikin inji, kusan duk ƙananan motocin dizal suka bi sahu. Matsin a yau yana kaiwa 1,600 zuwa 2,000 a ma'aunin matsi na bar, har fiye. Ramukan nozul ɗin kuma ba su fi kaurin gashin kai da yawa ba. Ɗan ruwa ko datti a cikin mai ya isa ya lalata famfo da nozul gaba ɗaya, domin man dizal ɗin da kansa shi ne ke shafe famfon don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Abin da ya sa ke nan in an yi kuskure aka zuba fetur a tankin, ba a ko murɗa makulli, jan motar ake yi a zuƙe tankin.

Sai matatar kunkunniya, wadda makanikai ke kira DPF. Peugeot 607 ta fito da ita a 2000, kuma daga ƙa'idar hayaƙi ta Euro 5 a 2009 ta zama dole ga duk ƙaramar motar dizal da za a sayar a Turai. Aikinta ta riƙe baƙin hayaƙin da da can yake fita ta salansa. In ta fara cika, kwamfutar mota sai ta ƙara fesa mai domin zafin salansa ya kai wajen digiri 600, kunkunniyar ta ƙone. Wannan ƙonawar tana son injin ya yi zafi, mota kuma ta ci gaba da gudu ba tsayawa na minti 15 zuwa 20 ko fiye. Yanzu ka duba mutumin da tafiyarsa ita ce gida zuwa ofis, kilomita biyar a cikin cunkoso, sai kai yara makaranta. Motar za ta fara ƙonawa, shi kuma ya iso ya kashe ta. Gobe ta sake farawa, ya sake kashewa. Man da aka fesa bai ƙone ba, wani ya zurare ya gauraya da baƙin mai, ya tsinka shi. Kwana kaɗan fitila ta kama a gaban direba, in aka yi biris motar ta rage wa kanta ƙarfi ta koma rarrafe. Bawul ɗin EGR, mai mai da wani kaso na hayaƙi cikin inji, shi ma a irin wannan tuƙin yake toshewa. Ba lalacewa motar ta yi ba, dokin sukuwa aka saya aka ɗaure a turke.

Bayan wannan kuma ga ruwan AdBlue. Ƙa'idar Euro 6 ta sauke iyakar iskar NOx mai guba da ke cikin hayaƙi daga miligiram 180 a kowace kilomita zuwa 80, kuma hanyar da yawancin kamfanoni suka ƙare a kanta ita ce fesa wani ruwa a cikin salansa. Ruwan ba wani sirri ba ne: kashi 32.5 yuriya ce, sauran tataccen ruwa. Amma yana da tankinsa, da famfonsa, da na'urorin awonsa, kuma kowanne na iya ɓaci. In ya ƙare ka kashe mota, ba za ta sake tashi ba sai an zuba, domin haka aka tsara ta da gangan. Yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifili, zafin rana kuma yana rage masa inganci in ya daɗe a ajiye. Wanda ya tuna abin da ya faru a Satumban 2015, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta gano Volkswagen ta saka manhajar da ke yaudarar gwajin hayaƙi, abin da kamfanin ya amsa cewa ya shafi motoci kusan miliyan 11, zai gane cewa tsaftace hayaƙin dizal aiki ne mai wuya da tsada. Mai mota ne ke biyan kuɗin a ƙarshe.

Duk waɗannan na'urori an ƙera su ne da tsammanin man da ba shi da farar wuta sosai. A Tarayyar Turai tun 2009 ba a yarda ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, a Amurka kuma 15 tun 2006. Ba ko'ina a duniya ake samun irin wannan man ba, kuma motar Euro 6 da aka riƙa ba ta mai mai yawan farar wuta, matatarta ce za ta fara kokawa. Don haka kafin ka tambayi launin mota, ka tambayi wane irin dizal ake sayarwa a inda za ta yi rayuwa, kuma akwai makanikin da ke da kwamfutar karanta ta a kusa da kai. Baƙin mai ma ba kowanne ba: mai ƙarancin toka take so, wanda ke da alamar ACEA C a jikin galan. Na san akwai masu cewa a cire matatar kawai a huta. A ƙasashe da yawa laifi ne, kuma tun 2012 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar kansa. Hayaƙin nan bayanka zai fita, a fuskar masu tafiya a ƙafa.

Batun jiki ba zan daɗe a kansa ba. Yawancin waɗannan motocin jif ne a ido kawai: ƙirarsu ta ƙaramar mota ce, kuma tayoyin gaba ne ke ja. Masu ja da taya huɗu ma, sai gaba ya yi santsi sannan ƙarfi ke zuwa baya, kuma ba su da giyar taimako irin ta manyan jif. Tsayinsu daga ƙasa galibi milimita 170 ne zuwa 200, Duster mai taya huɗu ta kai wajen 210. In hanyarka kwalta ce, kuɗin taya huɗu asara ne, ga ƙarin nauyi ga ƙarin shan mai. Wili mai inci 19 kyau ne kawai, inci 17 mai kaurin taya ya fi daɗin rami. Ka kuma ɗaga shimfiɗar but ka duba, domin wasu ba su da tayar safaya, sai ɗan gam da famfon iska.

Giya kuwa, in atomatik kake so, irin ta gargajiya mai aiki da ruwa ta fi haƙuri da cunkoso a kan mai kulos biyu, musamman busasshiya. In ta hannu ce, ka san akwai falawul mai hawa biyu da ke shanye karkarwar inji, kuma in ya gaji tare da kulos ake canza su, aikin ba na araha ba ne.

Akwai kuma maganar ranar da za ka sayar. Wajen 2015 fiye da rabin sababbin motocin da ake sayarwa a Tarayyar Turai dizal ne, zuwa 2023 ba su kai kashi 15 ba. Toyota ta daina sa dizal a sabuwar RAV4, Honda ta yi haka a CR-V ta Turai, Qashqai ta 2021 ta fito ba dizal, Volvo kuma ta ƙera motar dizal ɗinta ta ƙarshe a 2024. A Landan tun 2019 motar dizal da ba ta kai Euro 6 ba sai ta biya kuɗi kafin ta yi yawo a yankin da aka keɓe. Ba wai dizal ya mutu ba ne, Volkswagen da Hyundai da Kia sun ci gaba da shi a kasuwanni da dama, amma kasuwarsa tana tsukewa. A ganina, wanda ba ya cin kilomita 20,000 a shekara, kuma yawancinsu ba a babbar hanya ba, ya nemi mai fetur ko mai haɗa fetur da batir. Ita wannan ta ƙarshe a cunkoso ma ta fi nuna gwaninta, daidai inda dizal ke shan wahala.

In kuma lissafi ya nuna kai ɗan doguwar hanya ne, kuma wadda aka yi amfani da ita za ka saya, to ka ce a bar maka ita a sanyaye, kai za ka fara tayar da ita. Inji mai lafiya ba ya jan lokaci kafin ya tashi, ba ya kuma ta karkarwa bayan ya tashi. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa, ko shuɗi, alama ce ta nozul ko turbo. Ka zura yatsa a bakin salansa kafin ya yi zafi: motar da matatarta ke aiki, yatsanka ba zai fito baƙi ƙirin ba. In ya fito haka, ko ta tsage ko an fafe cikinta. Ka zaro sandar awon baƙin mai, in ya haura alamar sama ko yana warin dizal, ka san an sha katse mata ƙonawa. Ka sa a jona kwamfuta a karanta yawan tokar da ta taru a matata, da yadda kowane nozul ke gyara feshinsa, da kilomita nawa aka yi tun ƙonawar ƙarshe. Ka nemi takardun juye da na canza matatar mai, ka tambayi bel ne ko sarƙa ke haɗa injin, in bel ne yaushe aka canza.

Kada kuma ƙarancin kilomita ya ruɗe ka, domin nan ne dillali zai fi ɗaga murya. Tsakanin mai shekara shida da ta ci kilomita 40,000 a lungunan gari, da sa'arta da ta ci 150,000 a babbar hanya da cikakkun takardun sabis, ni ta biyun zan fara kai wa makaniki ya duba.